Daɓen da Muka Zuba don Narkar da Ƙanƙara a Wakra

Ina cikin shekarata ta huɗu a Qatar lokacin da na sake riƙe sifana, ƙarfen kwance noti, da sunan aiki. Kafin nan direba ne ni a wata ƙaramar masana'antar ƙanƙara da ke bayan tashar masunta a Wakra, kudu da Doha. Aikina in yi lodin ƙanƙara in kai wa jiragen kamun kifi da masu sayar da kifi a kasuwa, in dawo in sake wani lodin. A gida kuwa, a Funtuwa, gyaran famfo ne sana'ata. Wurin kawuna na koya, na kuma yi shekaru ina ci da ita kafin in fito. Amma direba aka rubuta a takardar da ta kawo ni, ni ma ban taɓa gaya wa kowa na iya wani abu ban da tuƙi ba, don babu wanda ya tambaye ni.

Masana'antar ba ta da girma. Akwai ɗakin sanyi inda ake tara ƙanƙara, da injin da ke niƙa ta ta zubo fara tas kamar garin rogo. A gaban ƙofar ɗakin sanyin akwai rumfa mai bango ta gefe uku, da labulen roba mai kauri a gaba. Nan ake lodi. Duk garin ƙanƙarar da ya zube ƙasa sai a tattake shi, iskar ɗakin sanyi ta riƙa bi ta kansa duk lokacin da aka buɗe ƙofa, kafin a ankara ya daskare ya zama kamar gilashi. Ko da rani haka yake. Mutum zai fito daga zafin da ke ratsa takalmi ya ƙona tafin ƙafa, ya ɗaga labule, ya yi taku biyu, sai ya ji shi a ƙasa. Babu wanda bai sha ƙasa a wurin ba a cikinmu. Ni kaina na faɗi da buhu a kafaɗa, na yi mako guda ina zama da gefe ɗaya a mota.

Wanda ke fama da wannan ƙanƙarar kullum shi ne wani dattijo da muke kira Baba, mutumin Zangon Kumasi. Birkila ne, ya daɗe yana gini a Doha, har gwiwa ta hana shi hawan bene, mai masana'antar ya ɗauke shi kula da wuri. Kowace safiya bayan sallar asuba sai ya ɗauki diga ya yi ta saran ƙanƙarar nan, ya kwashe da shebur, kafin azahar wata ta sake kwanciya. Mu biyu ne kaɗai masu jin Hausa a wurin, don haka tare muke cin abinci, tare muke zuwa masallaci. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, sai ka ji ya ce matarsa ya bugo waya, ya ce a gaishe ni. In na yi dariya sai ya ce ni ne mai Hausar rediyo, tasu ita ce ta ciniki, kuma da ita kakanninsa suka sayar wa kakannina goro.

Mai masana'antar, wanda shi ne kafil ɗinmu, wato wanda takardun zamanmu ke ƙarƙashin sunansa, tsohon masunci ne mai yawan raha. A unguwar Aziziya cikin Doha yake zaune, amma kusan kullum sai ya zo ya sha shayi ya ga jirage. Wata safiya ya ɗaga labulen robar yana magana da wani ta waya, ƙafarsa ta zame. Baba na kusa, ya kai hannu ya tare shi, shi ma tasa ƙafar ta tafi. Su biyu suka zauna daɓas a kan ƙanƙara suna riƙe da juna. Muka tsaya cirko-cirko, don ba mu san ko mai masana'antar ya ji ciwo ba. Ya dubi Baba, Baba ya dube shi, sai ya fashe da dariya har hawaye. Da muka ɗaga shi ya kakkaɓe farar rigarsa ya ce shekara nawa yana yawo a kan teku bai faɗa ruwa ba, yau ga shi ruwa ya kayar da shi a tudu. Daga nan ya ce khalas, ya isa haka, a nemo wa abin nan magani.

Kwana biyu bayan haka ɗansa ya zo. Magidanci ne mai natsuwa, ya yi karatu a wata ƙasa mai tsananin sanyi, shi ke duba injinan wurin. Ya tara mu a inuwa ya nuna mana bidiyo a wayarsa. Wasu mutane ne a can ƙasar, a bayan gida, kusa da wata tukunyar ruwan zafi da aka girke a waje. Sun shimfiɗa jan bututun roba a ƙasa, ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo, sannan suka zuba kankare a kai. Daga baya aka nuna wurin da sanyi: ko'ina fari fat da dusar ƙanƙara, amma daɓen nan baƙi, a jiƙe, ko ɗigon ƙanƙara babu. Ya ce ruwan ɗumi ne ke zagayawa a cikin bututun, kuma irinsa yake so a yi a rumfarmu. Tukunya kuwa muna da ita, wadda ake wanke kwandunan kifi da ruwanta, tana girke a waje cikin 'yar rumfar kwano, taku goma daga wurin lodi.

Ma'aikata suka yi ta dariya. Wani ya ce a ƙasar da ake soya ƙwai a kan bonet ɗin mota ne za a ɗumama ƙasa da gangan. Ni ban yi dariya ba, na roƙi a mayar da bidiyon baya. Na lura sun haɗa bututun da wani ɗan akwatin ƙarfe, ba kai tsaye da tukunyar ba. Da Turancina da ɗan Larabcin da na tsinta na ce masa in aka tura ruwan tukunyarmu yadda yake da zafin nan cikin kankare mai sanyi, daɓen zai tsage, dole a sassauta shi tukuna. Na kuma ce ranar da injin ya tsaya, ruwan da ke cikin bututun zai iya daskarewa a bakin ƙofa ya fasa shi, sai dai a zuba irin ruwan da ake sa wa lagireto.

Ya sauke wayar ya dube ni.

"A ina ka san wannan?"

"Sana'ata ce a gida," na ce. "Famfo da bututu."

Baba ya juyo da Hausa ya ce, "Ashe kai ma'aikaci ne kake zaune kana murza sitiyari? Shekara huɗu muna cin tuwo tare ba ka faɗa ba."

A ranar aka yanke magana. Baba zai riƙe kankare, ni bututu, ɗan mai gida ya zana mana taswira ya kuma duba lissafin zafi. Wani direba ya karɓi motata na ɗan lokaci, aka mayar da lodi ƙofar gefe, aka rufe babbar ƙofar aka toshe ta.

Washegari ni da ɗan mai gida muka shiga Doha sayen kaya, can unguwar masana'antu inda shagunan ƙarfe da bututu suke jere. Ban san na yi kewar irin wannan wurin ba sai da na shiga. Warin roba da man gris ya bugi hancina, na ga gwiwoyin bututu da mahaɗai a cikin kwanduna, sai na ji kamar na shiga shagon kawuna. Na riƙa ɗaukar abu ina juyawa ina ajiyewa kamar mai zaɓen goro. Mai shagon ya so ya ba mu wani bututu da ya ce duk ɗaya ne, na lanƙwasa bakinsa a hannuna ya yi fari a wurin lanƙwasar, na mayar masa. Ya yi murmushi ya shiga ciki ya ɗauko na gaske. Muka sayi naɗi biyu na jan bututu, da ɗan injin tura ruwa, da akwatin ƙarfen nan wanda ruwan tukunya ke ɗumama ruwan bututu a cikinsa ba tare da sun haɗu ba, da geji mai allura na auna matsin cikin bututu, da fararen allunan soso masu tauri da za a shimfiɗa a ƙasa don kada ɗumin ya gudu cikin ƙasa. Ɗan mai gida ya ƙara da sabon sifana da almakashin yanka bututu ya miƙo mini. A hanyar dawowa a cinyata na ɗora su, ban sa su a bayan mota ba.

Fasa tsohon daɓen ya ci kwana uku. Ƙarshen zafi ne, don haka daga asuba muke farawa mu tashi kafin rana ta take, mu dawo bayan la'asar. Da aka kwashe ɓaraguzai muka zuba tsakuwa, Baba ya sa aka daddaɓe ta har sai da ya taka ya ji ba ta motsi. A nan ne suka yi saɓani da ɗan mai gida. Taswirar ta nuna a karkata daɓen zuwa hagu inda tsohuwar magudana take. Baba ya ce ruwa ba zai bi can ba, don bakin magudanar ya fi tsakiyar wurin tudu, shi ya sa tun da ruwa ke kwanciya ya daskare. Ɗan mai gida ya ce ai an auna. Baba bai ja maganar ba. Ya ɗauko dogon tiyo mai haske, ya cika shi da ruwa, ya ba ni baki ɗaya na riƙe a bakin magudana, shi ya riƙe ɗayan a tsakiya, muka yi alama a bango inda ruwan ya tsaya. Ya kira ɗan mai gida ya ce ya zo ya gani da idonsa. Shi kuwa ya duba, ya sake dubawa, sannan ya ciro biro ya soke layin da ke takardarsa. Ya ce daga yau abin da Baba ya ce a kan kankare shi ne taswira. Aka haƙa sabuwar magudana a gaba, ta bi bakin labule ta fita.

Bayan allunan soso sai ragar rodi, bayan ita sai aikina. Na kwana biyu ina tunanin yadda zan bi da bututun. Ruwa ya fi ɗumi a farkon tafiyarsa, don haka na so ya fara bi ta bakin ƙofar ɗakin sanyi inda ƙanƙara ta fi taurin kai, a can kuma na matse layukan kusa da juna, tazarar tafin hannu, sannan na buɗe su kaɗan yayin da suke nisa. Na raba shi zagaye biyu don kada tafiyar ta yi wa ruwan tsawo ya huce a hanya. Ban yarda a yi haɗi ko ɗaya a inda kankare zai rufe ba, kowane zagaye daga bakinsa har ƙarshensa bututu ɗaya ne. Bututun kuwa taurin kai gare shi, in ka sake shi sai ya koma naɗinsa ya mare ka a ƙwauri. Muka shimfiɗa shi a rana na ɗan lokaci ya yi laushi. Baba ya zauna a kan bulo yana warware mini, ni ina durƙushe ina ɗaurewa a jikin rodi, muna hira. Ya ba ni labarin gidajen da ya gina a Kumasi da yadda ruwan sama ke zuwa can ba sallama, ni na ba shi labarin rijiyoyin burtsatsen da muka haɗa a ƙauyukan Funtuwa, da yadda mata ke guɗa ranar da ruwa ya fara fita. Gwiwoyina suka yi kanta, bayana ya riƙe, amma na daɗe ban yi barci mai daɗi irin na kwanakin nan ba.

Da na gama na hau kan bulo na duba daga sama. Jajayen layuka sun kwanta a kan farin soso, babu wanda ya hau wani. Na ɗauki hoto na tura wa matata. Ta amsa da cewa ya yi kama da kitso, wa ya koya mini.

Kafin a zuba kankare dole a tabbata babu yoyo, don in an rufe an rufe ke nan. Na toshe bakunan, na hura iska da injin hura taya, na ɗaura geji, allura ta tsaya inda nake so. Na yi mata alama da biro muka tafi. Da asuba na zo na duba, sai na ga ta sauka ƙasa da alamar. Ba da yawa ba, amma ta sauka. Na sake dubawa, haka ne. An riga an kawo siminti da yashi, an kira ma'aikata, mai masana'antar ma ya ce zai zo ya gani. Na fara tunanin ko bakin waya ya huda bututun a wani wuri, ko wani ya taka shi da takalmi mai ƙusa. Na tuna yadda na buɗe baki a gaban mutane na ce sana'ata ce.

Na gaya wa Baba. Ya ce in kwantar da hankalina, abin da ya fita ta wani wuri ya fita, kuma wurin bai gudu ba. Ya kaɗa omo a bokiti ya ba ni soso, shi ma ya ɗauki ɗaya. Muka bi bututun taku-taku muna shafa kumfa muna kallo. Muka gama zagaye na farko babu komai. Muka gama na biyu babu komai. Rana ta fara fitowa, ma'aikata sun tsaya da shebur suna kallonmu. Sai Baba ya ce, "Kai, ɗan'uwa, mun wanke jiki duka mun bar fuska." Ya matse sosonsa a kan mahaɗin gejin kansa. Nan take wani ɗan kumfa ya kumbura, ya fashe, wani ya biyo. Ni ne ban naɗa zaren roba sosai a wurin ba, don ɗoki. Na kwance, na naɗa, na ɗaure, na sake hurawa. Muka zauna muka sha shayi muna kallon allura har awa guda, ko motsi ba ta yi ba. Ɗan mai gida ya ce duk da haka a bar zubi sai gobe a gani. Da farko na ji ba daɗi, amma gaskiyarsa ne. Washegari allura na nan daram a kan alama.

Ranar zubi kowa ya fito, har waɗanda suka yi dariya da farko. Baba ya ce a zafin ƙasar nan in aka kwaɓa kankare da ruwan tanki zai kama da wuri ya tsattsage, a manyan gine-ginen da ya yi aiki ƙanƙara ake sawa a madadin wani kaso na ruwan. Ƙanƙara kuwa ba mu da abin da ya fi ta yawa. Aka riƙa kawo ta a baro daga ƙofar gefe ana zubawa cikin injin kwaɓi, tana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Mai masana'antar ya iso ya zauna a kan kujera a inuwa, da ya ga haka ya yi dariya ya ce ƙanƙara ce ke taya mu gina abin da zai kore ta. Muka shimfiɗa katako a kan raga don baro ya bi, ni kuma na tsaya kamar mai gadi, ido ɗaya a kan geji, ɗaya a kan bakin shebur ɗin kowa. Duk wanda ya kai shebur kusa da bututu sai ya ji muryata.

A ranar na ga Baba a cikin sana'arsa. Mutumin da ke ɗingishi in zai tafi masallaci, sai ga shi a durƙushe a kan katako yana jan dogon ƙarfen daidaitawa, yana ba da umarni da Larabci da Turanci da Hausa duk a haɗe, yalla nan, a ƙara can. Da ya gama shafe fuskar daɓen da cokalinsa ta yi sumul, sai ya ɗauko sabuwar tsintsiyar roba ya ja ta a kai a hankali daga bango zuwa magudana, ta bar ƙananan layuka don ƙafa ta samu abin kamawa. Kafin rana ta yi zafi mun gama. Tsohon ya aika aka kawo shinkafa da kifi a manyan faranti, muka zauna a ƙasa muka ci da siminti a gwiwar hannu.

Daga nan sai jira. Baba ya rufe daɓen da buhunan algarara, yana jiƙa su safe da yamma, ya ce ba za a kunna komai ba sai ya yi mako huɗu. Ni kuma na haƙa ɗan rami daga tukunya zuwa rumfa, na naɗe bututu biyu da soso na binne, na girke injin da akwatin ƙarfen a jikin bango, na sa makunni a inda hannu zai kai. Ɗan mai gida yakan zo ya tambaya ko ba za a ɗan gwada ba, Baba ya ce kankare kamar mai jego ne, ba a gaggauta shi. Wata Juma'a a cikin makonnin nan muka hau bas ni da Baba muka tafi Corniche, bakin tekun Doha, bayan la'asar. Muka zauna muna kallon jiragen katako, ya riƙa nuna mini dogayen benayen da ke tsallaken ruwa yana faɗin wanda ya yi aiki a hawa na nawa. Ya ce duk cikinsu babu wanda zai iya shiga yanzu ya ce shi ya zuba nan, amma wannan ɗan daɓen namu kullum zai taka shi.

Ranar gwaji sanyi ya fara shigowa. Aka buɗe babbar ƙofa aka koma lodi a wurin tun asuba, muka bar garin ƙanƙara ya zube aka tattake shi yadda aka saba, har ya yi fari ya daskare. Baba ya jingina digarsa a bango. Na cika bututun, na fitar da iska, na kunna injin, na buɗe makunnin kaɗan, don ba a so ɗumi ya shiga sabon kankare da ƙarfi. Na dafa bututun tafiya na ji ɗumi, na dafa na dawowa na ji shi kamar ƙanƙara. Muka jira. Awa ɗaya babu abin da ya canza. Awa biyu haka. Masu lodi suka fara tsokana, wani ya ce ko a kawo wa daɓen bargo. Ɗan mai gida yana ta duba wayarsa. Ni dai ina tsugune ina dafa bututun dawowa, na ji sanyinsa ya fara raguwa.

Baba ne ya fara gani. Ya taɓa kafaɗata ya nuna bakin ƙofa. Wani siririn layi mai duhu ya fito a cikin farin, daga wannan bango zuwa wancan. Can sai wani a gefensa, sai wani. A hankali duk hanyar da na bi da bututun ta fito a fuskar ƙanƙarar, har lanƙwasar da na yi a kusurwa, har inda na ɗan kauce wa ginshiƙi. Abin da muka binne mako huɗu da suka wuce ya bayyana kamar an zana shi da gawayi. Layukan suka yi ta faɗi har suka haɗe, ruwa ya fara gangarawa ta cikin sawun tsintsiya, ya nufi sabuwar magudana kai tsaye, ko ɗigo bai tsaya a tsakiya ba. Masu tsokana suka fara tafi. Mai masana'antar ya tashi daga kujerarsa, ya cire takalmi, ya taka daɓen da ƙafa, ya yi tafiya daga labule har ƙofa ya dawo. Ya kama hannuna da na Baba ya ɗaga sama kamar 'yan dambe. Ban iya cewa komai ba sai alhamdulillahi, ina ta maimaitawa.

Juma'ar da ta biyo ya gayyace mu gidansa a Aziziya cin abincin rana, mu biyu da ɗansa. Ya zaunar da mu kusa da shi, yana yanko nama da hannunsa yana turawa gabanmu. A nan ya ce daga yanzu ba zan koma mota ba, in riƙe famfo da bututun masana'antar duka, za a gyara takardata ta dace da aikin. Aka kuwa gyara. Daga baya masu wani ɗakin sanyi a kusa da mu suka zo suka gani, aka ba da aronmu muka yi musu irinsa, wannan karon ba mu sha wahalar geji ba.

Abin da babu wanda ya yi tsammani shi ne yadda wurin ya zama dandali da sanyi. Masunta kan dawo daga teku da sassafe ƙafafunsu a jiƙe, jikinsu na rawa, su zo sayen ƙanƙarar fita ta gaba. Ɗaya ya gano cewa gefen daɓen da ke kusa da tukunya, inda bututu ke shiga, ya fi ko'ina ɗumi kuma a bushe yake. Cikin 'yan kwanaki sai ga su jere a wurin ba takalmi, kowa da kofin shayinsa. Akwai wani tsoho a cikinsu mai ciwon gaɓoɓi, ba ma jin yaren juna ko kaɗan, yakan zauna ya miƙe ƙafafu ya jingina da bango ya lumshe ido har a gama yi wa jirginsu lodi. In na hango shi tafe nakan je in ƙara buɗe makunnin kaɗan. Ya lura da haka. Wata safiya ya zo da kifi biyu manya a leda ya ajiye a kan akwatin kayan aikina, ya nuna ƙafafunsa, ya nuna ni, ya tafi. Baba ya dafa su da yaji irin na Zango, muka ci har da masu lodi.